Zuwa Ga Mahfuza, Kan Abin Da Kika Rataya Wa Ramlat

Batsari, Litinin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta zumunci, ƙanwata Mahfuza, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Gwaggo Jinjiri da dukan mutanen gidanta a Jos. Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, amin. Nan gida alhamdu lillahi, ruwa yana sauka, gero ya fara fitar da kai. Baba yana nan ƙalau. Inna kuwa ƙafar nan ta sake tashi, sai an kama ta take zuwa bayi. Yau kwanana goma sha tara a gida. Na baro mijina da 'ya'yana a Zakka na zo yin jinyar da kika ɗauki alkawarin dawowa ki yi bayan mako biyu. Ga shi an shiga na bakwai.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Na rubuto ne na ba Kamalu direba saboda kin daina ɗaga wayata, kuma wallahi raina a ɓace yake. Littafin nan da kike rubutawa a waya, kina sakin shafi ɗaya kullum a zauren 'yan mata, ya zagaye Batsari har ya tsallaka Safana. Da farko har alfahari na yi, na ce ashe gidanmu ma an yi marubuciya. Labarin ƙawaye biyu da suka tafi dogon hutu Jos, mene ne laifinsa? Sai da na kai shafi na goma sha bakwai na gane abin da kika yi. Kin sa wa ƙawar suna Raliya, to sannu da dabara! Raliyar da ubanta mahauci ne a bakin tasha, mai wushirya, mai tabon man suyar awara a bayan hannun hagu, wadda aka kai kayan sa ranarta daga Safana. Mahfuza, ko makaho ya shafa ya san Ramlat ce, 'yar Malam Mani, wadda kuka tashi tare kuna cin tuwo a kwano ɗaya.

Kuma me kika sa ta yi? Kin ɗora ta a bayan babur ɗin wani saurayi sun hau duwatsu, ruwa ya kama su sun fake a rumfar mai shayi, ya cire rigarsa ya yafa mata, ta ce masa ta manta da wanda ta bari a gida. Ita kuwa ɗayar, Nazifa, wato ke, ita ce salihar baiwa mai yi wa ƙawarta faɗa, mai kuka kullum saboda tunanin mahaifiyarta marar lafiya. Oh ni Saude! A takarda kina jinyar Inna, a gida kuwa ni ce nake wanke mata zane.

Kada ki wahalar da kanki da musu. Na kira Gwaggo Jinjiri, ta faɗa mini da bakinta cewa wani yaro mai suna Yasir yana zuwa ƙofar gidanta, kuma ba wurin kowa yake zuwa ba sai wurinki. Ta ce ranar da aka hau dutsen ma Ramlat tana gida tana taya ta tsintar shinkafa. Na fahimci abin da ya faru sarai. Kina son ki ba da labarinki, amma kunya ta hana ki ce ke ce kike so, don kada a ce 'yar Malam Abdurrahim ta yi rashin ta ido. Shi ne kika cire kayan daga kanki kika ɗora wa ƙawarki. Wannan ba kunya ba ce, tsoro ne, kuma wata ce take biya.

Ga abin da ya biyo baya. Ƙannen Nu'uman, wanda zai auri Ramlat, suna cikin zauren naku. Su suka karanta wa mahaifiyarsu Hajiya Ikilima, shafi bayan shafi. Ranar Juma'a ta yi mota tun daga Safana, duk da halin da hanya take ciki, ta sauka gidan Malam Mani. Ina can, da kunnena na ji. Ta ce ita ba ta zo tashin hankali ba, amma wadda ta rubuta abin nan ganau ce ba jiyau ba, tunda ɗaki ɗaya suka kwana. Ramlat ta rantse ba ta taɓa hawa babur ɗin kowa ba. Sai Hajiya ta ce to in ba ita ba ce, wace ce? Nan fa yarinyar nan ta sunkuyar da kai. Sau uku ana tambayarta, uwarta har da kai mata duka a kafaɗa, ba ta buɗe baki ba. Hajiya ta tashi ta ce Asabar ɗin nan da ke tafe za ta aiko a kwashe musu kayansu. Malam Mani kwana biyu bai fita da nama ba, saboda abokan sana'a sun fara tambayarsa labarin duwatsun Jos.

Ni ma da nake wurin na yi shiru, kuma abin yana cina har yanzu. Na yi shiru ne don ke jinina ce, kuma Baba bai san komai ba tukuna. Da na samu Ramlat ita kaɗai na tambaye ta dalilin nata shirun, sai ta ce amana kika ba ta tun ranar da kika raka ta mota za ta dawo, kuma tana tsoron in Baba ya ji zai hana ki komawa makaranta. Kin ji fa. Aurenta yana rawa, ita karatunki take tunani. Tun da ta dawo a kan lokacin da kuka yi alkawari, kullum da hantsi sai ta shigo ta gasa wa Inna ƙafa da ruwan zafi. Ko washegarin zuwan Hajiya ba ta fasa ba, ta zo idanunta a kumbure.

Na san za ki ce ai labari ne kawai, ƙirƙira ce. A Jos ne yake labari. A nan kowa ya san gidan kowa, kuma magana zarar bunu ce. Kada kuma ki ce za ki goge shafin ko ki ƙara wani ki wanke Raliya, Hajiya Ikilima ba da Raliya take magana ba. Son Yasir ba shi ne laifinki ba. In da gaske yake, ya turo manyansa, ni zan tsaya miki a gaban Baba, har maganar makaranta. Abin da nake so ɗaya ne. Kamalu zai juyo ranar Alhamis, ki biyo shi. Ranar Juma'a mu tafi Safana ni da ke, ki durƙusa gaban matar nan ki ce ke ce a bayan babur ɗin. In Juma'a ta yi ban gan ki ba, wallahi ni zan je in faɗa, kuma daga can gaban Baba zan wuce. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ba zan zuba ido ya doki 'yar mutane ba.

Ki gaishe mini da Gwaggo Jinjiri da kyau, ki ce ina godiya da gaskiyar da ta faɗa mini. Ki gaida Kawu Almustapha da Turai da ƙaramarsu Jannat. Baba yana gaishe ki, Inna kullum sai ta tambayi yaushe makarantar taku ta koma Jos.

Ramlat ta shigo ta same ni ina wannan rubutu. Ta roƙe ni kada in yi miki faɗa da yawa. Na ce ko tana da saƙo, sai ta ce in gaya miki rigar sanyinta da ta bari tana ƙasan jakarki, ki riƙa sawa da safe, tunda kin san ƙirjinki ba ya son sanyi.

Sai na gan ki ranar Alhamis.

Yayarki,
Saude Abdurrahim