A Tsawaita Hannun Rigar

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau. Ɗaliban injiniyan da nake koya wa zubin ƙarfe a jami'a hannunsu ya fara faɗawa. Ki yi haƙuri da wannan jagwalgwalon rubutu, da hagu nake yi. Wani ɗalibi mai rawar kai ne ya zuba narkakken ƙarfe a mazubi mai danshi, alhali na sha gaya musu ruwa da narkakken ƙarfe ba sa ga maciji. Da ya yi tartsatsi na ture yaron gefe, hannuna na dama ya karɓi rabonsa. Likita ya ce zai warke, sai dai tabo.

Kada ki damu, ban fasa shiga aji ba. Yanzu ba mai ɗaga ludayi sai ya gasa mazubinsa. Abin da allo ya kasa koya musu, hannuna ya koyar.

Allah ya bar zumunci. Roƙona ɗaya: rigar da tela yake ɗinka mini, ki ce ya tsawaita hannunta. Kin san idon Inna. Ina so ranar da na dawo ta fara ganin fuskata.

Ƙaninki