Ranar da Anti Ƙas Ta Ƙi Murɗa Wuyana

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya ƙafar Inna?

Kada rubutun ya ba ka mamaki. Ƙanwarka, maiɗakina, ce ke riƙe da biro, ni ina kwance a asibiti ina faɗa, ita tana gyara mini magana kamar an sa ta.

A wajen atisaye abokin karawata ya ɗaga ni, na sauko da tsakar kai a kan katifa. Na miƙe na karkaɗe jiki kamar yadda ka koya mini. Sai dai wuyan ya riƙe, yatsun hannuna na dama kuma kamar kiyashi na yawo a ciki. Ga gasar zaɓen 'yan kokawar ƙasa ta ƙarato, wadda ni da kai muka daɗe muna jira.

Sai na nufi ɗakin likitarmu mai gyaran ƙashi da hannu, wadda muke kira Anti Ƙas. Mace ce guntuwa, ko hammatata ba ta kai ba. Takan kwantar da ƙato a gadonta mai rami wajen fuska, ta tallabi kansa, ta ce ya saki jiki, sai ka ji ƙas, mutum ya tashi sabo fil. Abin da na je nema ke nan.

Ta sa kan yatsunta a ƙasan ƙeyata, ta tambaye ni yadda na faɗi, ta tambayi hannun. Ta ce kada in motsa, ko kai kada in gyaɗa. Na yi mata wasa, na roƙa, har na ce idan tsufa ne ya kama ta ta faɗa. Koci, mai horar da mu, ma ya sa baki, wai ta ɗan sassauta shi kawai. Ta ce wannan wuyan ba na murɗawa ba ne yau, a kira motar asibiti.

Yaya, motar ta maƙale a cunkoso. Matar nan ta riƙe kaina tsakanin tafukanta, tana tsaye a sunkuye, gumi na ɗiga daga haɓarta, damatsanta na rawa, amma tafukan ko gezau. Da hancinta ya yi ƙaiƙayi, koci ta sa ya sosa mata. Ba ta sake ni ba sai da aka ɗaura mini abin tallafar wuya.

Kada ka faɗa wa Inna tukuna.

Ƙaninka,
Bijimi

Zuwa ga Yayana,

Sallama da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na kuma ji tambayarka, ko zan samu shiga gasar. Bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Likitan asibiti ya kawo hoton wuyana ya ɗaga shi ga haske. Can sama, daidai inda kai ya zauna, akwai wani ɗan ƙashi kamar zobe. Na ƙarƙashinsa yana da ɗan tsini da ya shiga cikin zoben, a kansa kai yake juyawa. Tsinin nan bai kai ɗan yatsan 'yarka girma ba. Nawa ya tsage. Dab da shi kuma igiyar da ke kai saƙo ga hannu da ƙafa da numfashi ta wuce. Likitan ya ce da an murɗa ranar, mai yiwuwa da ba ni ke faɗar wannan wasiƙa ba.

Na daɗe ina kallon hoton. Duk ƙirjin nan da nake taƙama da shi, duk ƙattin da na kayar, ashe a kan wannan ɗan abu komai yake rataye, ni kuma ina dukan ƙasa da shi tun ina yaro. Ban taɓa jin girman Allah kamar ranar ba.

Da Anti Ƙas ta zo dubiya na tambaye ta yadda ta gane. Ta ce ba ta gane ba, naman wajen ne ta ji ya ƙanƙame kamar mai tsaron wani abu, ita kuma ba ta taɓa abin da ba ta gani ba. Ta ƙara da cewa kaina ya fi buhun siminti nauyi, kuma ba don ilimi ba.

Gasar ta wuce ni. Ka gaishe da kowa.

Ƙaninka,
Bijimi

Yayana abin alfaharina,

Ina gaisuwa, ina kuma fata damina ta same ku lafiya. Yau da hannuna nake rubutu.

Ƙashin ya haɗe, an cire abin wuya. Anti Ƙas tana koya mini juya kai kaɗan-kaɗan kamar jariri, ba ƙas ko ɗaya. Likita ya ce zan iya komawa fili baɗi idan na so, amma faɗuwa irin waccan ba ta da tabbas. Koci yana jirana. Na san kai ma kana jira, domin kai ka fara ɗaura mini ɗamara, ka bar naka wasan ka riƙe gida don in yi nawa.

Jiya a sallar la'asar, da na zo ƙarshe, kaina ya juya dama da kansa, ya juya hagu, har na ga kafaɗata. Watanni ke nan da duk jikina nake juyawa. Na zauna a kan darduma ina kuka, ƙanwarka ta leƙo ta koma.

Yaya, na bar kokawa. Ka yafe mini. Zan zo da kaina in faɗa wa Inna, da ƙafata.

Naka har kullum,
Bijimi