Na Girmi Mati

Funtua, Nuwamba 1981

Zuwa ga uwargida Matta, a Tsiga.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kina lafiya, da yara, da Gwaggo da ƙafar nan tata. Yaya aikin kaka? In kin tambaye ni, ƙalau nake, sai ciwon bayan da kika sani. Mudi mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ne ke rubuta mini, na kuma ce ya sa magana yadda ta fito, kar ya yi mata kwalliya.

Bayan gaisuwa, 'yarki Rahab ta sami aiki a kamfaninmu na gurzar auduga. Ofishin da suke kira fasonel aka sa ta, wato masu kula da ma'aikata, su ɗauka, su ba da hutu, su sallama. Ba wanda ya shawarce ni. A bakin masinja na ji, ni da nake heluman lebura a gidan nan tun ba a yaye ta ba.

Na je na sami shugaban ofishin, Malam Abdussamad, na tambaye shi me yarinyar nan ta sani game da ma'aikata, ita da ba ta taɓa ɗaga buhun auduga ba, ba ta taɓa sallamar ko mai wanke-wanke ba. Ya ce ai irin ta suke nema, mai takardar sakandare wadda za su koya wa aiki daga tushe. Wai yanzu gwaji take yi. Darasi na zuwar mata ta gidan waya daga Legas, in lokaci ya yi ta je Kaduna ta rubuta jarrabawa, in ta ci a ba ta takardar shaida a tabbatar da ita. Na ce to. Ni dai da zan ɗauki lebura, tafin hannunsa nake dubawa, in tambaye shi ɗan wane ne. Ban taɓa kuskure ba, in ban da Aƙilu, shi ma laifin kawunsa ne.

A gida tana ce mini Baba, a ofis Malam Atu. Ta ce haka littafinta ya ce. Miya kuwa ta sha ƙonewa tun da ambulan ɗin nan suka fara zuwa.

Mati yana nan yadda kika san shi. Heluman ɗaya ɓangaren ne har yau, kuma har yau in an ajiye akushin rana a gindin ɗorawa yakan riga ni sa hannu, wai shi ne babba a shekaru. Ban yarda ba, ba kuma zan yarda ba.

Kar ku sayar da dawa yanzu. Ki gai da mai bishara da iyalinsa.

Ni ne maigidanki,
Atu

Funtua, Janairu 1982

Zuwa ga uwargida Matta.

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Na ga daddawa da kuka a hannun direba, na gode. Yaya tarin autanki?

Ina da labari mai daɗi. An ba Rahab aikinta na farko ita kaɗai: ta yi wa kowane ma'aikaci kati, da sunansa da garinsu da shekarunsa. Yara masu takardar makaranta ba su ba ta wuya ba. Mu dattawa kuwa ba mai takardar haihuwa, wa ya san da ita a zamaninmu? Sai Malam Abdussamad ya ce ta riƙa tambayar mutum wani babban abu da ya gani da idonsa, daga nan a ƙiyasta. Ita kuma ta karanta a darasinta wai kada a kira ma'aikaci ofis a tsorata shi, a same shi inda ya sake. Saboda haka ta ɗauko kujera ta same mu gindin ɗorawa muna cin abinci, mu duka, lebura sun kewaye mu.

Ta tambayi wa ya tuna zuwan jirgin ƙasa Funtua. Kin san dattawa. Wannan ya ce yana rarrafe, wancan ya ce ai shi da gudunsa ya je kallo, na gaba ya ce shi yana kiwon awaki ya ji kukansa. Kowa ya ɗara na bayansa. Da aka zo kaina na faɗa mata a fili, ni da kaina na ɗauki kwandon ƙasa wajen gina hanyar, da gashin baki ya fara tsiro mini, har Bature ya dafa kafaɗata. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta ce in sake tunani. Na ce ta rubuta, ba ita ta haife ni ba. Ta rubuta.

Sai aka zo kan Mati. Matta, da kina wurin! Mutumin nan ya sunkuyar da kai yana suɗe hannu, ya ce shi bai ga zuwan jirgi ba, ya buɗe ido ne ya tarar da shi yana wucewa. Wuri ya kaure da dariya. Shekara da shekaru yana ja da ni, ga shi da bakinsa, gaban yaransa da nawa, ya ce ni ne babba. Tun ranar ni ke fara sa hannu a akushi, ni ke ɗaukar tsokar farko, shi yana jira.

Aikin yarinyar nan ashe yana da amfani. Na saya mata fitila sabuwa don karatu. Kar ki gaya mata na yaba.

Maigidanki,
Atu

Funtua, Maris 1982

Zuwa ga Matta.

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kowa lafiya. Ni ma haka.

Wasiƙarki ta iso, Mudi ya karanta mini, na sa ya sake. Na gane Rahab ta riga ni kai miki labari, to bari ki ji daga bakina. Ashe katin nan ba don ado aka yi shi ba. Masu kamfani sun aiko daga Kaduna cewa duk wanda ya haura sittin ya ajiye aiki ƙarshen kakar auduga. Da aka lissafa daga zuwan jirgi, wai na haura da nisa. Mu huɗu abin ya shafa, duk 'yan gindin ɗorawa. Mati ba ya ciki. Ɗansa yana aikin reluwe, na tabbata shi ya raɗa masa abin da ake yi da shekaru a ofis. Ya bar mu muna ta tseren ƙara shekaru.

Rahab ta rantse ba ta san dalilin katin ba sai da takarda ta zo. Na yarda da ita. Malam Abdussamad ya yi mata faɗa, ya ce duk wanda ya san aiki ba zai tambayi dattijo shekarunsa gaban sa'o'insa ba, ɗaya-ɗaya ake kira a rufe ƙofa. Ta ce littafi bai faɗa ba. Ya ce littafin ba a Funtua aka rubuta shi ba. Ta dawo gida ta ƙi cin abinci. Na ce mata abinci bai yi laifi ba.

Sun ce akwai gyara. In je kotu in ɗora hannu kan Littafi Mai Tsarki in rantse cewa na yi kuskure, ban kai haka ba, a ba ni takarda a canja kati. Sauran ukun sun je, sun dawo yara. Rahab ta durƙusa a gabana tana roƙo, wai ita ta jawo, in taimake ta ta gyara. Na tambaye ta, in na rantse, katina zai koma ƙasa da na Mati ko sama? Ta ce in an bi yadda Gwaggo ke ba da labarin haihuwata, ƙasa. Na ce ta tashi, gwiwarta za ta yi datti.

Ta ce to ko ita ta gyara da hannunta ba tare da kotu ba. Nan na yi mata tsawa. Tana cikin gwaji, in aka kama ta ta canja wa ubanta shekaru, aikin da jarrabawar duk sun tafi, a kuma ce 'yar Atu ce. Abin da na faɗa gaban mutane shi za a bari.

Maganar da kika rubuto, wai Gwaggo ta ce ita ta yi wa tsohuwata wankan jegona, kuma suna jin kukan jirgi daga bayan gida, Gwaggo ta tsufa. Bara ma ta kira ni da sunan ƙanena. Kada ki ƙara sa wannan a takarda, Mudi yana da baki.

Na san kina tunanin kuɗin makarantar yara biyun nan. Ni ma ina yi. Gona tana nan, ba ta mutu ba.

Atu

Funtua, Mayu 1982

Zuwa ga uwargida Matta.

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fatan ruwa ya sauka wajenku. Nan an yi na fari, ƙasa ta yi ƙamshi.

Rahab ta je Kaduna ta dawo. Ta ci kashin farko na jarrabawa, saura biyu, amma Malam Abdussamad ya ce an tabbatar da ita. Ta ce cikin tambayoyin an ce kowa ya kawo wani kuskure da ya gani a wurin aiki da yadda za a kauce masa, ita kuwa ta rubuta labarin gindin ɗorawa, wai nan ta fi samun maki. Na tambaya ko ta sa sunana. Ta ce a'a. Ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Takardar sallamata ita ta buga ta da keken rubutu. Aka kira ni ofis ni kaɗai, ta rufe ƙofa, ta ba ni kujera. Ta fara karantawa da Malam Atu, ta kai tsakiya ta ajiye takardar. Na ce ta ci gaba, aiki aka ba ta. Ta ƙarasa, ta bayyana mini hakkina dalla-dalla, da ranar da zan zo karɓa, ba ta bar ni ina bin akawu ba kamar yadda aka yi wa na gabanmu. Na dangwala yatsa. Ba laifi, ta iya.

Ɓangarena an haɗa wa Mati, yanzu shi kaɗai ne heluma. Zai sha wuya, bai san sunan rabin yarana ba. Ranar da na kwashe kayana ya zo har bakin ƙofar kamfani, lebura na tsaye, ya cire takalmi ya rusuna, ya ce Allah ya huta gajiyar yaya. Wasu sun ce akwai dariya a bakinsa. Ni ban gani ba. Na sa masa albarka yadda ake sa wa ƙane, na ce ya riƙa jin maganar manya.

Ina tafe ran kasuwar Bakori in Allah ya yarda. Ki sa a kai garmata maƙera, a kuma gyara rufin ɗakina. Rahab za ta zauna gidan Sakinatu matar mai bishara na nan. Ta ce ita za ta ɗauki makarantar ƙannenta. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Na roƙi abu ɗaya a ofis, aka ba ni: kwafin katina. Mudi ya karanta mini, shekaruna na nan da hannun 'yarki, da hatimin kamfani a kai. Ki samo mini wuri cikin akwatin da kike ajiye takardar aurenmu. Ki kuma gaya wa mai bishara, daga wannan Lahadi a bencin gaba zan zauna, gaban dattijo Abraham, don shi ma na girme shi.

Ki gai da Gwaggo, amma kar ki tayar mata da maganar jirgi.

Ni ne maigidanki har kullum,
Atu