Kumfar da Ta Ƙi Kwanciya

Goronyo,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ƙanwata Raihana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, ya sawwaƙe muku sanyin Jos. Mu nan sai godiya. Maigidana Malam Lauwali ya samu sauƙin ƙafarsa har ya koma fadama, 'yata Mashkura kuma ta yaye ɗanta. Ni ce dai gajiya ta zauna mini har cikin ƙashi. Na zaɓi takarda a kan waya ne domin maganar ba ta kunnen yara ba ce.

Kin tuna kukan da na kawo miki, cewa kunun zaƙin da nake sayar wa 'yan aikin albasa a bakin dam ba ya riƙe kumfa. Kafin in isa fadama ya kwanta kamar ruwan randa, su kuwa in ba su ga kumfa ba sai su ce kwantai ne. Kika ce kina da maƙwabciya wadda kumfar tukunyarta ke yini ba ta faɗa ba, kika turo mini bayaninta. Raihana, ban tsallake ko ɗaya ba. Na bar gero na koma jar dawa, na jiƙa har ta yi tsiro, na shanya, na kai niƙa. Na dafa, na bari ya yi tsami, na sake dafawa. Na ware tukunyar da mai bai taɓa shiga ba, tunda ta ce maiƙo ne ke kashe kumfa, na rufe ya kwana, ya sake kwana. Itacen da na ƙona da bayan da ya riƙe mini, Allah kaɗai ya sani. Da na buɗe kuwa, ga kumfa ta taso har baki. Don murna guɗa na yi ni kaɗai a madafa. Ranar ina azumin ramuwa, ko ɗanɗanawa ban yi ba.

A fadama aka yi ta rububi. Can sai ga Mode, direban da ke kai albasa Kudu. Ya kurɓa ya tofar, ya tambaye ni a gaban jama'a ko na san mi na dafa. Na ce kunu mana. Ya rantse da Allah burkutu ce, irin wadda yake gani a tashoshin hanya. Lokacin wani dattijo daga Kwargaba ya riga ya cika cikinsa, yana zaune tsakiyar fangali yana yi wa albasa dariya. Wasu suka shiga zura yatsa a maƙogwaro, wasu salati. Ni da ban taɓa ganin giya da idona ba, ga ni tsaye da ludayi a hannu.

Malam bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya zubar da ita a rami, ya fasa tukunyar, ya je wurin liman. Liman ya ce babu laifi a kaina, rashin sani ne. To, rashin sani ya fi dare duhu, amma liman ba ya bin gida-gida yana wanke ni. Na koma gerona da tsohon kununa, kullum in kai bokiti cike in dawo da shi cike. Ban zarge ki ba, alheri kika nufa, sai dai da kin tambayi matar nan mi take sayarwa. Kada ki yi mata faɗa, abin da ta iya ta koyar, kuma na shaida gwana ce.

Abin da ya faru jiya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na dama kunu mai kyau na kai wa Innarmu a Magarya, ita da ta koya mini damu da hannunta. Ta karɓa, ta sa mini albarka. Da na juya ina gyara mayafi, sai ta ɗaga kwanon a hankali ta sansana kafin ta sha. Ba ta san na gani ba, sai a mota na yi kukana.

Ki gaishe da maigidanki Almustapha, da Bashir da ƙaramar Habi. Malam da Mashkura suna gaishe ku. Don Allah ki kira Inna ki gaya mata da bakinki inda bayanin ya fito. Zan iya jure wa Goronyo duka, amma ban da ita.

Ki huta lafiya.

Yayarki,
Kyauta