Ƙasar Tsakar Gidanmu

Yaya Tanko,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da yara?

Ina nan lafiya a Doha, tarin ma da sauƙi. Ƙasa mai guba muke kwashewa a wata tsohuwar masana'anta. Dokarsu ta hana a bar ko cikin cokali.

Kullum sai na tuna tsakar gidanmu, kuna dakan dutsen zinare, yara na rarrafe. Gubar dalmar dutsen da ta ɗauke 'yata Raliya tana nan a ƙasar tsakar gidan.

Don Allah ka fitar da turmin, ka kira hukumar muhalli ta jiha su auna ƙasar. In sun ƙi zuwa, ina tafe da Sallah. Na iya aikin yanzu, da hannuna zan kwashe ta.

Allah ya raya mana sauran.

Ƙaninka,
Zulkiflu