Ɗayan da Na Ajiye a Sama

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni ma lafiya lau, in ban da gwiwa.

Na sami saƙonki cewa in rufe darasi in koma wurinku ƙarshen wata. Gaskiya ne gidan nan ya yi mini girma tun rasuwar mahaifiyarki. Amma ki dakata tukuna, don yau bakina ya ƙi rufuwa.

A cikin yara huɗun da ke zuwa koyon lissafi da yamma akwai 'yar tela, wadda nake kira Shiru-shiru. Wata biyar ban ji muryarta ba sai a gaisuwa. In an ce ta haɗa rabi da sulusi, sai ta tara na sama, ta tara na ƙasa, ta rubuta biyu bisa biyar, ta rufe da tafin hannu. Har takarda na yayyanka mata, a banza.

To yau ina ninka lambobi a allo, na ajiye ɗaya a sama, na wuce ban haɗa shi ba. Tagwayen mai walda suka kwafe abinsu yadda suka saba. Sai na ji kujera ta motsa. Yarinyar nan ta taso, ta karɓi alli a hannuna, ta gyara, ta yi mini bayani dalla-dalla kamar ni ne ɗan aji uku!

Yaran sun ɗauka tarko na ɗana musu. Na bar su a haka.

Ki gai da kowa.
Babanki

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin autanki?

Yanzu kullum sai na dasa kuskure a allo, wanda ya kama ya hau kujerata ya yi hukunci. Tagwaye har rige-rige suke yi, sun ce hannuna ya fi na kaza karkata. Jiya na rubuta biyu bisa biyar ɗin nan da gangan. Shiru-shiru ta harare ni, ta nuna mini cewa rabi kaɗai ya fi amsata yawa. Na tafa har tari ya sarƙe ni.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba. Wancan ɗayan da na ajiye a sama ba mantawa na yi ba, ban gan shi ba ne. In na yi kuskure uku, biyu nawa ne, na ukun na ido ne. Yarinyar ta gane. Tana rubuto tambayoyin da manyan lambobi, ta ajiye mini a tebur.

Saboda haka ki turo mota ranar Asabar a kai ni wurin likitan ido, na daina gardama. Amma kada a zo da akwati. Jarrabawarsu saura mako shida, kuma Litinin ƙarfe huɗu za su same ni a bakin allo.

Allah ya yi miki albarka.
Naki,
Babanki