Yadin Da Na Binne A Zungur

Ƙofar Ran, Bauchi

Baban Humaira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin Jos? Humaira na gaishe ka. Ina rubuta maka ne domin na kasa faɗin wannan magana ta waya.

Ka tuna farin yadin nan da nake naɗe tsofaffin ƙusoshi da goro a ciki, in binne a ƙasa damina ta ratsa shi, tsatsa ta yi masa zane, sannan in tono in ɗora fenti da ɗinki? Kai ne ma kake tsokanata wai ni kaɗai ce mai zanen da ƙasa ke yi wa ƙwadago. To bana a gonar Kawu Babayo na binne wasu a Zungur, saboda baje kolin da aka gayyace ni a Legas.

Jiya sai ga Inna Habibatu, matar Kawu, ido jawur. Ashe ruwa ya zaizaye iyakar gonar, Malam Yero maƙwabcin Kawu ya tsinci farin ƙyalle kamar likkafani, cike da ƙusoshi, a makon da bijiminsa na noma ya mutu. Gari ya ɗauka Kawu ya yi masa asiri. Innalillahi! Mutum biyun da suka tashi tare tun suna tsalle-tsallen yarinta! Tun tsakiyar damina ba mai cin abinci da Kawu, a masallaci ma ana barin gurbi kusa da shi. Kuma bai taɓa ambaton sunana ba, wai gara a zarge shi da a zargi 'yar ƙanwarsa.

Wallahi ko a mafarki ban kawo haka ba. Gobe zan tafi da ayyukana na bara in nuna musu. Ka sa ni a addu'a.

Matarka,
Khairat

Baban Humaira,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na gode da kiran da ka yi ta yi, ban iya ɗauka ba ne.

Na je. A gaban mai unguwa na baje ayyukan bara, na yi bayani har muryata ta dushe. Sannan na ɗauki fartanya na tono sauran yadin da kaina. Da na warware na farko sai na tsaya ina kallonsa. Tsatsa ta yi rassa kamar itacen kuka, goro ya zuba ja, gara ta yi masa huji ƙanana kamar an yi da allura. Tunda na fara sana'ar nan ban taɓa samun irinsa ba.

Malam Yero ya daɗe yana kallo. Ya ce ya yarda ban yi da mugun nufi ba, ya kuma nemi gafarar Kawu a gaban kowa. Har na fara murna. Sai ya ƙara da cewa iyalinsa ba za su yi barci ba muddin ƙyallen da ya kwana a iyakarsa yana rataye a ɗakin wani, sai dai a ƙone duka. Na juya wajen Kawu ko zai ce wani abu, sai na ga yadda ya rame, ya sunkuyar da kai. Ni na ƙyasta ashanar. Ko hoto ban tuna in ɗauka ba.

Kafin in baro garin na ga Kawu da Malam Yero sun sa hannu a kwano ɗaya. Na sanar da mutanen Legas ba zan zo ba. Har yanzu jikina a sanyaye yake: aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwata, mutanen Zungur kaɗai suka gan shi, su ma daga nesa, suna rufe wa 'ya'yansu ido.

Idan za ka zo ka taho mini da yadi, amma ban da fari.

Taka har kullum,
Khairat